Kare ko kyanwa na zawo: yadda za ka gano ko tsutsar ciki ce, da abin da za ka yi

"Ai na duba kashinsa, ban ga tsutsa ba." Wannan ita ce maganar da masu karnuka da kyanwoyi suka fi yi idan dabba ta fara zawo ko rama, kuma ta sa dabbobi da yawa sun daɗe suna shan wahala. Yawancin abubuwan da ke zaune a hanjin kare ko kyanwa ba sa fitowa ido ya gan su. Manyan tsutsotsin suna can maƙale a ciki, ƙwayayensu ne kawai ke biyo kashi, su kuwa sai da madubin likita ake ganin su. Wasu ma ba tsutsa ba ne sam, ƙananan halittu ne da maganin tsutsa na yau da kullum ba ya taɓa su.

Abin ya fi yadda ake zato yawa. A shekarar 2020 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka, inda aka gwada kashin karnuka 3,006 a filayen wasan karnuka 288 na manyan birane 30. Kusan kare ɗaya cikin biyar aka samu da wani abu a hanjinsa, kuma a kashi 85 cikin 100 na filayen an samu aƙalla kare ɗaya mai ɗauke da shi. Waɗannan fa karnukan gida ne masu gata, da ƙafarsu suka je wasa. Wani nazari na 2015 da ya tattara binciken ƙasashe daban-daban ya nuna cewa jiyadiya kaɗai, wata ƙaramar halitta mai zama a hanji wadda ba tsutsa ba ce, tana jikin kusan kashi 15 cikin 100 na karnuka da kashi 12 na kyanwoyi, kuma ta fi yawa a ƙanana da masu zawo.

Saboda haka in dabbarka ba ta da lafiya, zargin tsutsa ba laifi ba ne. Amma tunda masu lafiya ma suna ɗauke da ita, samun ƙwai a kashi bai isa ya nuna cewa ita kaɗai ce ta kwantar da dabbar ba. Wannan ne ya sa nake son a bi abin daki-daki maimakon a ɗura magani da ka.

Mataki na farko: tabbatar ba abin gaggawa ba ne

Kafin komai, ɗaga leɓen dabbar ka dubi dasashinta. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Danna shi da yatsa ka saki. Ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. In ka ga dasashin ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, kuma a ɗan kwikwiyo wannan na iya zama ajali cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai ka kama fatar bayan wuyanta ka ɗaga ka saki. In ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, ruwan jiki ya ragu.

Kada ka jira gobe in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: kashi baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, jini mai yawa a zawo, amai a kai a kai har ruwa ba ya zama, ko dabbar ta kwanta ta ƙi tashi. Haka nan duk kwikwiyo ko 'yar kyanwa da ke zawo tare da ƙin cin abinci. Kwikwiyon da ba a yi wa allurar rigakafi ba, yana amai da zawon jini mai wari, ana fara tunanin cutar parbo ne, wadda ƙwayar bairus ke kawowa, kuma babu maganin tsutsar da zai cece shi. Ƙarin ruwa da kulawar likitan dabbobi yake bukata. Kyanwoyi ma suna da tasu cutar mai kama da wannan.

In dabbar tana ci, tana sha, tana yawo, kashi ne kawai ya lalace ko jiki ke zubewa a hankali, kana da lokacin bin sauran matakan.

Mataki na biyu: ka dubi kashin da kyau, ka rubuta abin da ka gani

Na san ba aiki ne mai daɗi ba, amma rabin abin da likita zai dogara da shi daga bakinka zai fito. Zawo iri biyu ne. Akwai wanda ke fita da yawa, ruwa-ruwa, sau biyu ko uku a rana, dabbar tana ramewa. Wannan ya fi nuna ƙaramin hanji. Akwai kuma wanda dabbar ke tsugunawa sau da yawa tana nishi, ɗan kaɗan ke fita, da majina ko ɗigon jini ja. Wannan babban hanji ne. Bambancin yana taimakawa, don kowace tsutsa da inda take zama.

Rubuta ranar da abin ya fara, ko yana ɗaukewa ya dawo, ranar da aka ba da maganin tsutsa na ƙarshe da sunansa. Akwai ƙuma a jikinta? Tana kama ɓera, tsuntsu ko ƙadangare? Ana ba ta ɗanyen nama ko kayan ciki? An kawo sabuwar dabba gidan? In ka ga wani abu mai kama da tsutsa a kashi ko amai, ɗauki hotonsa da waya, ko ka sa shi a kwalba da ɗan ruwa.

Mataki na uku: san waɗanda ake zargi

Macijin ciki, wanda likitoci ke kira toksokara, shi ne ya fi kama ƙanana. Fari ne, zagayayye, tsawonsa na iya wuce santimita 10, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ake gani da ido a amai ko kashi. Abin mamaki game da shi shi ne yadda yake shiga kwikwiyo tun kafin a haife shi. 'Ya'yan tsutsar suna kwanciya shiru a naman jikin karya tsawon shekaru. Idan ta yi ciki, wajen kwana na 42 cikin kwana 63 na goyon cikinta, sai su farka su ratsa mahaifa su shiga 'ya'yan. A kyanwa kuwa ta nono suke bi. Shi ya sa ake ganin kwikwiyon da bai taɓa taka ƙasa ba da ƙaton tumbi, gashi a hargitse, ba ya girma, wani lokaci har da tari, domin tsutsar tana bi ta hanta da huhu kafin ta sauka hanji. Macen tsutsar guda ɗaya na iya zuba ƙwai har 200,000 a rana.

Tsutsa mai ƙugiya ita na fi jin tsoro a kan ƙanana. Ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, amma tana kafa baki a bangon hanji tana shan jini, in ta saki wuri ta koma wani sai na farkon ya ci gaba da zuba. Ita ce mai kawo farin dasashi da baƙin kashi. Tana shiga ta baki, ta nonon karya, har ta fatar tafin ƙafa idan dabbar ta kwanta a ƙasa mai laima. Kwikwiyo ɗan mako biyu ko uku na iya galabaita tun kafin ƙwan tsutsar ya fara bayyana a kashinsa, don haka gwaji zai iya cewa babu komai alhali tana nan tana aiki.

Tsutsa mai siffar bulala ta fi kama karnukan da suka ɗan girma. A babban hanji take zama, ita ke kawo zawon majina da jini mai zuwa yana ɗaukewa. Tana da wuyar kamawa a gwaji: sai ta yi kusan wata uku a ciki kafin ta fara ƙwai, kuma ba kullum take zubawa ba.

Tsila ita ce wadda masu dabbobi suka fi gani. Gutsattsarinta ne ke fita, farare, shimfiɗaɗɗu, suna motsi a kan kashi ko a gashin gindin wutsiya ko inda dabbar ke kwana. Wadda ta fi yawa ta hanyar ƙuma take shiga: dabbar tana lasar jikinta ta haɗiye ƙuma mai ɗauke da ita. Wasu irin kuma daga ɓera, zomo ko ɗanyen kayan cikin dabbobi ake samun su. Ba ta cika kwantar da dabba ba, sai dai ƙaiƙayi da jan gindi a ƙasa.

Sai waɗanda ba tsutsa ba. Jiyadiya daga gurɓataccen ruwa ko lasar ƙafa da gashi take shiga, tana kawo kashi mai laushi, mai haske, mai ɗoyi, yau ya gyaru gobe ya lalace. Koksidiya ta fi damun 'ya'yan kare da na kyanwa, musamman lokacin yaye ko sauya gida. A kyanwoyi matasa da ke zaune da yawa wuri ɗaya akwai kuma tirikomonas, mai sa zawon babban hanji na watanni alhali kyanwar tana ci tana wasa; sau da yawa ana ɗaukar ta a matsayin jiyadiya a yi ta ba da maganin da ba nata ba.

Mataki na huɗu: ɗebi kashi ka kai gwaji

A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin ba su sani ba. Kashin da aka ɗebo daga wanda ya kwana a rana, ko wanda ba a san na wace dabba ba ne, ba shi da amfani. Tsaya har dabbar ta yi a gabanka. Sa safar hannu ko ka juya leda a hannunka, ka ɗebi kamar cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu daga saman, ban da ɓangaren da ya taɓa ƙasa, domin ƙasa tana da nata ƙananan tsutsotsin da za su rikita mai dubawa. In akwai wuri mai majina ko jini, haɗa da shi. Na kyanwa, ɗan yashin da ya manne ba matsala ba ne. In kyanwoyi da yawa ke amfani da akwatin yashi ɗaya, keɓe marar lafiyar da nata akwatin har ta yi.

Zuba a roba mai murfi, rubuta sunan dabbar da rana da lokaci. Kai shi cikin 'yan sa'o'i. In ba zai yiwu ba, rufe shi cikin leda biyu ka ajiye a wuri mai sanyi na firji, nesa da abinci, kada ya wuce sa'a 24, kuma kada ya daskare. Banda ɗaya: idan likita yana zargin tirikomonas, yana son sabo ne da ɗuminsa, sanyi yana kashe ta.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce wannan: idan zawon ya daɗe, tara kashin kwana uku a jere. Jiyadiya da tsutsa mai siffar bulala suna zuba ƙwai yau su ƙi gobe, samfur ɗaya na iya faɗawa ranar da ba su zuba ba.

Mataki na biyar: fahimci abin da gwajin ya ce

Gwajin da aka fi yi shi ne a dama kashin a ruwan sukari ko gishiri mai kauri, ƙwayayen su taso sama, a kwashe su a duba. In an juya shi a na'ura mai wulwulawa kafin a duba, ya fi kama ƙwai sosai fiye da a bar shi ya taso da kansa, don haka ba laifi ka tambayi wanne suke yi. Akwai kuma gwajin da ke neman alamar jikin ƙwayar cutar kanta, wanda ya fi dacewa da jiyadiya, da gwajin ƙwayoyin gado wanda ake amfani da shi wa tirikomonas.

In sakamako ya ce ba a ga komai ba, ma'anarsa ba a gani ba a wannan samfurin. Tsila ma sau da yawa ba ta fita a gwajin, tunda ƙwanta a kulle yake cikin gutsattsarin. Abin da ka gani da idonka a nan ya fi madubi ƙarfi. Shi ya sa likita kan ba da maganin tsutsa ga mai zawon da ya ƙi ƙarewa ko da gwaji bai nuna komai ba, kuma ba kuskure ya yi ba.

In kuma an ga ƙwai, kada hankalinka ya kwanta gaba ɗaya. Tsohon kare ko tsohuwar kyanwa da ke ramewa, tana yawan shan ruwa, tana amai, an kuma samu 'yan ƙwai a kashinta, mai yiwuwa ƙoda ce ko hanta ko wani ciwon daban, tsutsar ta samu jiki ya yi rauni ne kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A irin wannan, yarda a yi gwajin jini. Karen da ke cin kashin tsuntsaye ko zomo kuma yakan fito da ƙwayayen da ba nasa ba, wucewa kawai suke yi.

Mataki na shida: magani

Babu ƙwayar magani ɗaya da ke kashe komai. Pirantel yana maganin macijin ciki da mai ƙugiya, amma ba ya taɓa tsila ko mai siffar bulala. Fenbendazol, wanda ake bayarwa kwana uku a jere ko fiye, yana kama macijin ciki, mai ƙugiya, mai siffar bulala da jiyadiya, amma tsilar ƙuma tana tsallake shi. Tsila sai prazikwantel. Koksidiya da tirikomonas kowacce da nata maganin daban wanda likita ne zai rubuta. Karanta sunan sinadarin da ke jikin kwali, kada ka tsaya ga hoton kare ko kyanwa da aka manna.

Auna nauyin dabbar kafin ka ba ta. Hau sikeli riƙe da ita, sauka ka hau kai kaɗai, ka cire. Ƙiyasi da ido yana sa a ba da kaɗan ya ƙi aiki, ko a ba da yawa ya yi illa.

Sannan a maimaita. Yawancin magungunan manyan tsutsotsin da ke cikin hanji suke kashewa, 'ya'yan da ke yawo a hanta da huhu ko kwance a nama suna nan. Bayan mako biyu zuwa uku sun sauko sun girma. Wanda ya ba da sau ɗaya ya tsaya, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Ga mai siffar bulala likita kan sa a sake bayarwa har bayan wata uku. In ka ga tsutsotsi sun fito a kashi kwana ɗaya ko biyu bayan magani, kada ka firgita, aikin maganin ke nan. A ba duk karnuka ko kyanwoyin gidan a lokaci guda idan likita ya ga ya dace, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a nan ake gudun gara a faɗa gidan zago. Kada a ba kyanwa parasitamol ko kaɗan, yana kashe ta. Kada a ɗiga mata maganin ƙuma na kare mai sinadarin pametirin, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har mutuwa. Aibuprofen yana lalata ciki da ƙodar kare da kyanwa. Maganin tsutsa aibamektin na shanu da dawaki yana da ƙarfi ƙwarai, kuskuren awo kaɗan ya isa, kuma karnukan jinsin koli da danginsu ba sa jure shi. Albendazol na iya danne ɓargon da ke samar da jini. Metronidazol in ya yi yawa yana sa dabba tangaɗi da jujjuya ido. Duk waɗannan ba abin gwadawa a gida ba ne.

Mataki na bakwai: gyara wurin zama

In ba a yi wannan ba, kuɗin magani asara ne. Ƙwan macijin ciki ba ya iya kama kowa ranar da ya fita. Sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna. Da zarar ya nuna kuwa yana iya shekaru a raye, kuma ruwan wanki na bilic ba ya kashe shi. Ashe kwashe kashi kullum, tun bai kwana ba, ya fi duk wani feshi. Ƙulle shi a leda a zubar a shara, kada a binne a inda dabbar ko yara ke wasa.

Daɓen siminti a goge shi da sabulu, a kwarara tafasasshen ruwa, a bar shi ya bushe ƙayau. Zafi da bushewa su ne abokan gaban ƙwayayen. Shimfiɗa da kwanon abinci da na ruwa a wanke da ruwan zafi. Mai jiyadiya a yi masa wanka ranar ƙarshe ta magani, musamman gindi da ƙafafu, don ƙwayoyin suna maƙalewa a gashi ya lashe su ya sake kamuwa. Mai tsila kuma, in ba a kawar da ƙuma ba, cikin mako uku za a sake ganin gutsattsarin a ce maganin jabu ne. Yawancin ƙuma ba a jikin dabbar suke ba, ƙwai da 'ya'yansu suna cikin shimfiɗa da lungunan ɗaki, don haka yaƙin yakan ɗauki kamar wata uku.

Mataki na takwas: kare mutanen gida

Ba ina faɗar wannan don a tsani dabba ba ne. Yaron da ya yi wasa da ƙasa mai ƙwan macijin ciki ya sa hannu a baki, tsutsar na iya yawo a jikinsa ta taɓa hanta, a wasu lokuta har ido. 'Ya'yan tsutsa mai ƙugiya suna shiga fatar wanda ya taka ƙasar ba takalmi, su bar jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi. Akwai wata ƙaramar tsila da kare ke samu daga ɗanyen kayan cikin tumaki, wadda ƙwanta ke haifar da ƙullutun ruwa a hanta ko huhun mutum bayan shekaru. Dafa abin da za a ba kare yana toshe wannan hanya. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba ko kwashe kashi, a rufe yashin wasan yara don kyanwoyi kada su mayar da shi masai.

Mace mai ciki ba sai ta rabu da kyanwarta ba saboda toksoplasma, wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin kyanwa, mai iya cutar da ɗan da ke ciki. Ƙwayar tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama mutum, don haka a kwashe akwatin yashi kullum, kuma wani ya yi mata aikin, ko ta sa safar hannu.

Mataki na tara: sake gwaji da tsarin gaba

Kimanin mako biyu bayan kammala magani, kai wani kashin a duba. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu, don a Amurka an tabbatar da tsutsa mai ƙugiya da ta daina jin magunguna da dama, an fara ganin ta a karnukan tsere sannan ta bazu zuwa na gida. In ƙwai na nan, likita zai duba ko sake kamuwa ne daga tsakar gida ko maganin ne ya gaza, kuma abin yi ya bambanta.

Kwikwiyo ana fara ba shi maganin tsutsa yana da mako biyu, a maimaita a mako na 4, na 6 da na 8, daga nan wata-wata har ya kai wata shida. 'Yar kyanwa ana farawa a mako na biyu ko na uku a bi irin wannan tsarin. Uwar da ke shayarwa a ba ta tare da su. Ƙungiyar CAPC ta Amurka, ta masana tsutsotsin dabbobin gida, tana ba da shawarar gwajin kashi aƙalla sau huɗu a shekarar farko, sau biyu a kowace shekara bayan haka. Takwararta ta Turai, ƙungiyar ESCCAP, kuma ta ce babbar dabbar da ke fita waje a ba ta magani ko a gwada kashinta aƙalla sau huɗu a shekara. Kyanwar da ke farautar ɓera da karen da ke cuɗanya da ƙananan yara suna bukatar fiye da haka, wanda ba ya fita daga ɗaki kuwa ƙasa da haka ya ishe shi. Rubuta ranar kowane magani da sunansa da nauyin dabbar a takarda ɗaya, ka riƙa zuwa da ita duk lokacin da za ka ga likita.